Linux a Akwatin Marigayi Malam Salisu

"Duk abin da ke cin wuta a duniyar ga, ko dutsin guga na, ku kawo mani shi. In ban sa mai Linux ba, a canza mani suna."

Maganar Mainasara ke nan, kuma ba sau ɗaya ya yi ta ba. Kullum sai ya maimaita ta a rumfarsa da ke bakin titi a Shagari, inda yake cajin waya yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi. A goshin rumfar ya sa an rubuta INJINIYA da jan fenti. Mutanen gari suka ƙarasa masa da baki: Injiniya Sai-Gobe. Duk wayar da ta shiga hannunsa da ciwon kai, sai gobe, in goben ta zo kuma a tarar ciwon ya sauka ciki.

Ɗan'uwa, kada ka tambaye ni inda ya yi karatun. Bidiyo ya gani a waya. Wani Bature mai gemu ya ɗauko kwamfutar zamanin kakansa, ya hure mata ƙura, ya sa mata manhajar nan ta kyauta da ake kira Linux, wadda mutanen duniya suka yi gayya suka gina, sai ga tsohuwa ta miƙe tana aiki kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Mainasara ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya tsinci Turancin da ya iya tsinta, ya tashi ya sayi tabarau marar magani. Daga ranar ya zama shehin Linux na Shagari har Kajiji. Abu ɗaya ne kawai ya rage masa: bai taɓa sa wa ko agogo ba.

Jarinsa duka a aljihun gaba yake kwana. Wani ɗan had-dis ne baƙi, wato rumbun da ake zuba kayan kwamfuta a ciki, bai cika tafin hannu ba. A nan ya tara duk abin da yake turawa tun yana saurayi, har da hotunan bikin mutane da suka ba shi ajiya. Yakan fito da shi ya shafa kamar mai lallashin jinjiri, ya ce, "Wan tera. Kano ma sai an tona." Wato tera ɗaya, girman cikinsa ke nan, kusan giga dubu.

To, a Bodinga kawunsa ya rasu, Malam Salisu, tsohon malamin firamare. Ya bar matarsa Inna Hasiya cikin takaba, ya bar ɗansa Nura, ya kuma bar wata kwamfuta a ɗakinsa, lulluɓe da tsohon zane. Irin ta da ce, fara da ta koma ruwan ƙasa, mai talabijin mai ƙeya da akwati kamar na lefe. Malam ya saye ta tun Nura yana rarrafe, yana buga jarrabawar yara da ita. Wata rana ta nuna shuɗin allo ta kafe, sai ya rufe ta ya ce ta huta.

Nura ba mai yawan magana ba ne. Ya bar makaranta a tsakiyar sakandare ya koma fadamar albasa. Bayan an watse daga zaman makoki sai ya lura da wani abu da ya hana shi sukuni: muryar babansa tana tsiyayewa daga kansa kamar ruwa a tsagaggiyar randa, kullum da safe sai ya tarar ta ragu. Yana tuna tarinsa. Yana tuna jan takalminsa a zaure, da yadda yake ajiye buta. Amma in ya ce bari ya ji "Nura" da bakin Malam, sai ya ji nasa bakin. Malam bai taɓa riƙe babbar waya ba, ƙarama ce mai tocila, in ya kira ka kuma "Lahiya? To," ya kashe. Wuri ɗaya ne a duniya aka taɓa kama muryarsa. Nura yana tuna shi zaune gaban kwamfutar nan, yana magana cikin wata 'yar makirfo mai siririn wuya, yana sake saurare yana dariya.

Sai Baffa Lawali, ƙanen marigayi, dillalin albasa wanda ba ya ganin abu sai ya auna shi da ido, ya yanke hukunci.

"Ran sadakar arba'in za a share ɗakin ga. Akwatin can na riga na yi ma ɗan gwangwan magana, shi zo da sikelinai."

"Baffa, muryar Malam na ciki."

"Muryar Malam na wurin Ubangijinta. Wanga ƙarhe na."

Shi ya sa Nura ya kira taubashinsa, ɗan Gwaggo Kulu. Ba don ya yarda da shi ba. Don babu wani.

Mainasara ya iso Bodinga a kan babur, janareta ɗaure a baya, sifika tsakanin cinyoyi, tabarau a hanci. Ya so a kai masa kwamfutar Shagari inda jama'arsa za su gani, amma Inna Hasiya ta ce ita ba ta fita sai ta gama takaba, kayan Malam ma ba su fita kafin sadakar arba'in. Ya durƙusa bakin labule ya yi gaisuwa.

"Inna, ya haƙuri? Ki kwantar da hankalinki. Yau Kawu zai yi magana."

"Allah shi sa," in ji ta daga ciki. Sannan ta ƙara, "Nura, akwai wata magana da Malam yat taɓa yi mani kan akwatin nan. Tun jiya nike neman ta, ta ɓace mani."

"Za ta zo, Inna."

Injiniya ya yaye zanen, ya zagaya kwamfutar hannu a baya kamar likitan dabbobi a kasuwar shanu. Ya zaro filash mai Linux a ciki ya soka mata, ya kunna. Ta yi tari, ta yi gurnani, ta nuna shuɗin allonta na gado. Ya kashe ya kunna. Shuɗi. Ya karanta mata wani Turanci. Shuɗi. Ashe tsohuwar ta girmi zamanin da ake tada kwamfuta da filash, ba ta san ma gaisuwa ake yi mata ba.

"Ɗan Gwaggo, ko sai gobe?" in ji Nura.

"Kai manomin albasa, tsaya inda Allah ya aje ka. Tiyata za a yi."

Ya kwance murfin akwatin. A jikin fankar ciki ga wani abu manne, ruwan toka, mai ƙananan ramuka jere reras. Mainasara ya gyara tabarau.

"Ka ga wanga? Tsohin injuna kaɗai ad da shi. Matatar iska ta. Turawan dauri sun san aiki."

"Ya yi kama da gidan rina."

"Komi a wurinka da daji yake kama."

Ya tsokane shi da sukundireba don ya nuna yadda take aiki. Ta kuwa yi aiki. Masu gidan suka fito gaba ɗaya, kuma da yake rina ta san wanda ya buga mata ƙofa, ba ta kula Nura ba. Injiniya ya fita tsakar gida da gudu, ya ture turmi, ya tsallake akuya, ya shige bayan mahaifiyarsa Gwaggo Kulu da ta zo taya zaman takaba. Kafin la'asar idonsa na hagu ya rufe ruf, leɓensa ya zama kamar ƙodar bijimi. A wurin gudun kuma ya karya fiffiken fankar.

"Gwaji na," ya ce da kumburarren baki. "Na so in ga ko tana da rai."

"Tana da shi," in ji Gwaggo Kulu tana shafa masa manja. "Har ta ba ka."

Da ya sake kallon bidiyon Baturen da ido ɗaya, sai ya gano faifan sidi ake bukata. Nan aka shiga farauta. Ɗan'uwa, ka taɓa neman sabon faifan sidi a kasuwar Bodinga a wannan zamani? Mai kanti na farko ya ce rabonsa da shi tun kafin ya yi aure. Na biyu ya kira ɗansa ya zo ya ga mutumin da ke neman sidi. Wani ya yi musu kwatancen wata gona a hanyar Sifawa inda aka rataye su a igiya suna korar tsuntsaye, Mainasara ya je har can ya tsaya yana duba su ɗaya bayan ɗaya, mai gona ya biyo shi da fartanya. A ƙarshe sai Sakkwato ya shiga, wurin wani tsohon mai hoto, aka tono masa guda a ƙasan durowa aka zuba masa Linux ɗin a ciki. Ya dawo yana ba da labari kamar shi ya ƙera faifan.

Kwanaki suna ta tafiya. Nura yana kallon rana tana hawa katangar ɗakin tana sauka, kowace ta tafi da ɗan guntun muryar.

Aka sa faifai. Kwamfuta ta haɗiye, ta fara nishi, farin rubutu ya dinga gudu a baƙin allo kamar tururuwa ta ga sukari. Sai ta yi zafi ta mutu, don babu fanka. Aka sake, ta sake mutuwa. Injiniya ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya jiƙa buhun algarara ya yafa mata kamar randa, ruwa ya ɗiga inda bai kamata ba, ya taɓa ƙarfen, wuta ta ɗaga shi ta zaunar a kan sifika. Aka shanya tsohuwa a rana ta bushe. Daga nan aka koma dabarar da ta fi ƙarfin Bature: Gwaggo Kulu ta ja kujera 'yar tsugune, ta zauna gaban buɗaɗɗen akwatin da maficin kaba tana fifita, kamar mai gasa masara.

"Haihuwarka ban sha wahalar ga ba," ta ce.

Safiyar sadaka, bayan malamai sun yi addu'a an raba waina da gumba, abin mamaki ya faru. Rubutun ya gama gudu, allo ya yi haske, sai ga wani tsuntsu zaune, baƙin baya, farin tumbi, ƙafafu rawaya a miƙe, yana murmushin wanda ya ci ya ƙoshi. Gaskiya dai gaskiya ce: Linux ya tashi a akwatin Malam Salisu. Tsohuwar da aka yi wa alkawarin sikeli ta ɗauki manhajar bana, tana rawar jiki amma tana tafiya.

'Yan sadaka suka cika ɗaki, wasu ta taga. Ɗan gwangwan ya jingine kurarsa a ƙofar gida ya leƙo shi ma. Baffa Lawali ya matso ya ƙura wa tsuntsun ido.

"Wagga wace irin agwagwa ta?"

"Ba agwagwa ba ta, Baffa. Tsuntsun ƙanƙara na. Shi na sarkin Linux."

"Ana cin shi?"

"Ba a cin shi."

"To mi amfaninai?"

Nura bai ji su ba. Ya matso kusa da allo. "Mainasara, ya isa haka. Buɗe muna muryar."

Nan ne fa Injiniya ya ɗaga hannu. Ya riga ya jingine wayarsa a kan taga tana ɗaukar bidiyo kai tsaye, mabiyansa na Shagari suna kallo, kuma Baturen bidiyo bai tsaya a nan ba.

"Yanzu Linux baƙo na, a zaure yake, cikin faifai. Baƙo ba shi buɗe ɗakunan gida. Sai ya tare tukuna. In zai tare kuwa sai an share mai ɗaki."

"A share mi?"

"Komi. Amma kada ka damu, zan kwashe kayan Kawu in zuba cikin nawa." Ya zaro wan tera daga aljihu, ya ɗaga shi ga waya ta gani, ya jona.

"In shina iya kwashewa, ai shina iya buɗewa."

"Ɗan dako na ɗaukar buhu, ya san abin da ke ciki? Tahi ka sallami baƙi, ka bar ma masu ilimi ilimi."

Gaskiyar maganar ita ce ya leƙa, ya ga jakunkuna masu sunan Turanci rututu, bai san wadda muryar take ciki ba, kuma ba zai ce bai sani ba a gaban waya. Nura ya fita raka wasu malamai. Kwafi ya fara, wani ɗan koren layi yana jan ciki a allo. Tsohuwar kwamfuta ce, bakin jonawarta ma tsoho ne, layin yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Mainasara ya dubi layin, ya dubi masu kallonsa a waya suna raguwa. Ya waiga hagu da idon da ba ya gani, ya ga babu kowa. Ya kashe kwafin.

Ka ji irin mutumin. Muryar kawunsa a tafin hannunsa, ya sayar da ita don kada 'yan kallo su gaji.

Da Nura ya dawo an kai ga babbar tambaya. Allo ya jera rumbu biyu, yana tambayar wanne za a shafe a zuba Linux. Nura bai yi nisa a boko ba, amma ya sha goge allo a aji, ya san kalmar gogewa in ya gan ta. Ɗaya rumbun an rubuta masa sha takwas. Ɗayan ɗari tara da wani abu, duka a lissafin giga. Babu mai suna Salisu, babu mai suna Mainasara.

"Wane na na Malam?" in ji Nura.

Injiniya ya kanne idon da ya rage. Baturen bidiyo rumbu ɗaya gare shi, bai yi wannan darasin ba. Amma jama'a na kallo.

"Tambayar yara. Nawa wan tera na, wato ɗaya. Ɗaya ta hi kusa da sha takwas ko da ɗari tara? Bari ma wannan. Dubi akwatin ga, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Dubi nawa, aljihu yake kwana. Baffa, kai na dillali. Babban buhu da ƙaramin buhu, wane ya hi cin albasa?"

Baffa Lawali ya ji an zo fagensa. Ya gyara hula. "Babba mana."

"Kun ji daga bakin masana. Babban lamba na babban akwati na."

Ɗaki ya amsa da "ƙwarai kuwa". Duk manoman albasa ne, kowa ya san buhu.

Nura ya riƙe masa wuyan hannu. "Ka tabbata ka kwashe?"

"Na kwashe."

"Ka rantse."

"Injiniya ba shi rantsuwa, shina dannawa." Ya danna da ɗaya hannun. Allo ya sake tambaya ko ya tabbata, don shi ma allon yana da tausayi. Ya sake dannawa.

Wan tera ya fara ƙyafta 'yar fitilarsa da sauri da sauri. Mainasara ya nuna shi da alfahari. "Kun gani? Murna yake yi."

Gwaggo Kulu ta sauya hannu a mafici. "Ni dai wagga koriyar tsutsa da ke tahiya ɗazu ta hi ba ni sha'awa. Ko rabin rabi ba ta kai ba ka kashe ta, Nura na hita."

Duk ɗakin aka juyo ana kallon Mainasara. Nura ya saki hannun a hankali. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi taubashinsa kallo ɗaya, ya ratsa mutane ya fita bayan gida, inda rudun albasa yake, rumbun karan da ake adana ta. Ya zauna a inuwarsa. Iska tana shiga ta karan tana fita da warin albasar da suka dasa tare da Malam, wadda Malam bai ga cirarta ba. Ya rufe ido ya sake gwadawa ko zai ji sunansa da wancan bakin. Babu. Sai kukan kurciya da gurnanin janareta. Ya ji kamar yau ne aka fita da makara, kuma wannan karon shi ya kira mai ɗauka.

A ciki kuwa Injiniya yana ta yi wa waya lacca. Da aka jima allo ya ce an gama. Ya aika a kira Nura, Nura ya zo don kada Inna ta ji shiru ta tambaya.

"Jama'a, Linux ya tare," in ji Mainasara, gumi yana bin kumburin fuskarsa, don ya san yanzu za a ce ya fito da murya. "Amma kahin komi, ranar sadaka ta, bari in sa muna ƙira'a daga rumbuna, don albarka."

Ya jona sifika. Ya kai kibiya kan ƙaramin rumbu, mai sha takwas, nasa a lissafinsa. Ya buɗe.

Babu ƙira'a. Babu fim ko ɗaya. Sai wata jaka mai suna Jarrabawa Aji Huɗu. Sai hoton wani yaro mai ƙaton kai a kan tabarma, riƙe da ludayi. Sai wata jakar an rubuta SALISU MURYA.

"Nura na wanga," in ji Gwaggo Kulu. "Ga kan nan."

Mainasara ya tsaya. Ya cire tabarau. Ya kai kibiya kan babban rumbu, mai ɗari tara. Ya buɗe. Fili fetal, an share an yayyafa ruwa, sai wasu 'yan jakunkuna masu gajerun sunaye da ko shi bai taɓa ji ba. Ya rufe ya buɗe. Ya cire igiyar rumbun ya mayar. Ya girgiza wan tera a kunne kamar mai gwada kwakwa. Fina-finan Indiya da na Hausa, waƙoƙin biki, wa'azin malamai na kowane ɓangare, hotunan auren rabin Shagari, duk tsuntsun ƙanƙara ya share ya shimfiɗa tabarmarsa.

"Baffa," ya ce da wata siririyar murya, "kai kac ce babban buhu."

"Albasa ka tambaye ni."

Nura ya karɓi maus daga hannunsa, ba wanda ya hana shi. Amma kada ka ɗauka Injiniya ya mutu. Irinsu ba su mutuwa da wuri. Ya dubi waya a taga, ya ga masu kallo sun ninka, sai ya miƙe ya dafa ƙirji.

"Da gangan niy yi. Na sadaukar da dukiyata don Kawu. Wa zai iya wanga in ba ni ba? Ku ba ku san tsakanina da shi ba. A gidan ga niy yi firamare. Shi yaf fara gane ni injiniya na, kullum shina hwaɗi. Nura, dakata." Ya ɗauki sifika ya kai bakin taga, ya juya ta waje, ya murɗe ta har ƙarshe. "Bodinga duka ta ji. To, danna."

Nura ya danna.

Aka ji shuuu, kamar ruwan sama daga nesa. Aka ji an hura makirfo. Sai tari, wannan tarin dai.

"Bismillahi. Ana ji na? To. Salisu na ke magana, daga Bodinga."

Bayan labule wani abu ya faɗi, kamar carbi. Nura bai motsa ba. Muryar ta fi yadda yake zato kauri, kuma tana da wata 'yar dariya a ƙarƙashinta wadda ya manta sam da ita. Ta cika ɗakin, ta fita ta taga, ta bi ta kan katanga ta sauka a rudun albasa.

"Nura, zo nan. Zo ka gaida na'ura. Ce salamu alaikum." Aka ji wata 'yar murya ta ce wani abu mai kama da haka. Malam ya yi dariya sosai. "Madalla. Allah shi yi maka albarka, ɗan Malam."

Nura ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan kibod. Baffa Lawali ya juya fuska bango ya daɗe yana gyaran hular da ba ta karkace ba, sannan ya leƙa taga ya ce da ɗan gwangwan, "Kai, ja kurarka. Ba a auna ɗan'uwana da sikeli."

Mainasara ya matso gaban waya yana share ido mai kyau. "Kun ji aikina. Saura inda zai ambace ni."

Kamar Malam ya ji shi.

"Hasiya," in ji muryar, "matso ki ji, na ma ɗauka a na'ura don kada a ce ban hwaɗi ba. Yaron ga na Kulu, Mainasara. Ya buɗe rediyona, ta mutu. Ya gyara agogon bango, yanzu baya yake tahiya. Jiya na iske shi shina zagayar wagga da sukundireba. Ko ina raye ko ba ni, kome za a yi, kada ku bari Mainasara shi taɓa ta. Yaron kirki na, amma kansa babu kowa."

Shuuu. Sautin ya ƙare.

Daga bayan labule Inna Hasiya ta ce, cikin muryar da kuka da dariya suka haɗu, "Awo. Ita ta maganar da nim manta."

Ranar sadaka ce, bai kamata a yi dariya ba. Mutane suka yi ta cije leɓe har liman ya fara, daga nan kuwa sai da aka riƙe wasu. Gwaggo Kulu ba ta daina fifita ba. "Nura, maido muna wurin nan," ta ce. "Ban ji da kyau ba."

Injiniya ya tuna da waya a taga. Ya yi tsalle ya kashe ta, amma Shagari ta riga ta ji, Kajiji ma ta ji.

Kwamfutar tana nan a ɗakin Malam. Nura ya sa an kwafe muryar a wayoyin gidan duka, ya sayo sabuwar fanka, yakan kunna ta da faifan nan ranar Juma'a, tsuntsun ya fito ya zauna, uwa da ɗa su saurara.

Mainasara kuwa ya yi kwanaki bai buɗe rumfa ba, saboda masu hotunan biki. Ran da ya buɗe, ya zauna da wan tera babu komai ciki sai tsuntsu, yana jiran mai tsautsayi. Can sai ga wani dattijo daga Kajiji ya sauka daga babur, ya zaro waya daga aljihu.

"Kai na Injiniya?"

Mainasara ya gyara tabarau, ransa ya ɗan dawo. "Ni na, Baba. Linux za a sa?"

"A'a. Muryar malamin nan na Bodinga nike so a sa mani. An ce kai ad da ta asali."

Ya haɗiye abin da ya haɗiye. Ciniki dai ciniki ne. Ya miƙa hannu zai karɓi wayar, sai dattijon ya janye ta da sauri ya rungume a ƙirji.

"Tura daga nan inda kake, ɗana. Kada ka taɓa. Malam ya hana."